Shekarar da Gwaggo ta ƙi shanya littattafai

Gwaggo ta rasu ranar kasuwar Gure, da hantsi, bayan ta sha kununta ta kuma yi wa 'yar maƙwabta faɗa a kan ƙwaryar da ba a wanke da kyau ba. Ta koma ta kishingiɗa a bakin ƙofar ɗakin littattafai, inda ta saba kishingiɗa, shi ke nan. Mai abu ya karɓi abinsa. Yayar mahaifina ce, ita ce babba a ɗakinsu, ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba. Na ɗauki alƙalami ne don kada wani ya ce wadda ba ta haihu ba ba ta bar komai ba. Duk wanda ya faɗi haka a gabana za mu ɓata, ko wane ne shi.

Kafin azahar rabin kasuwa ya dawo gidanmu. Matan da ta koya wa karatu a gidajen aurensu su suka fara cika tsakar gida. Wata tsohuwa daga cikin Mangawa ta shigo tana kuka, tana haɗa Barbarci da Hausa, tana cewa ita da furfurarta Gwaggo ta kama yatsanta ta ɗora a kan baƙi na farko, kuma ba ta taɓa yi mata dariya ba. Badukun da ke ɗinka mata gafakar littattafai ya zauna a zaure, can sai ya ce, "Yanzu wa zai dawo mini da aiki ya ce ɗinkin ya karkace?" Aka yi dariya, shi kuwa hawaye yake yi. Har mushe, malamin lakwal, wato makarantar Nasara, mutumin bakin teku da Hausarsa ba ta gama nuna ba, ya zo da hularsa a hannu ya tsaya bai san inda zai zauna ba, sai da Baba ya shimfiɗa masa buzu.

Da labari ya kai ƙauyuka, wani malami ya taho daga Bune da littafi a hammata. Aro ne, ya daɗe a wurinsa har 'ya'yansa suna tsammanin na gidansu ne. Ya miƙo mini yana kallon ƙasa. "Kullum ina cewa in na zo kasuwa zan kawo," in ji shi. "Wallahi tsoron tambayarta nake yi. Ga shi yanzu na kawo, babu mai tambaya."

Baffa, wan mahaifina kuma ƙanen Gwaggo, ya iso daga Kelle bayan an riga an kai ta. Ya zo a kan doki, an koro jakuna a bayansa, mangalolinsu babu komai a ciki. Kowa ya gane: littattafan ya zo kwasa. Gwaggo ba ta da magada sai ƙannenta biyu, mahaifina kuwa mutumin gona ne da fataucin gishirin mangul, abin da wansa ya ce shi ne. Ni ba ni da ko warƙar takarda ɗaya a gadon. Ina karɓar gaisuwa, ana ce mini ya haƙuri ina cewa da godiya, amma hankalina yana kan jakunan nan.

Ɗakin da nake magana shigifa ce ƙarama a kusurwar gidanmu ta gabas, ƙofarta gajera, sai babba ya sunkuya yake shiga. Littattafan na kakanmu ne, wanda kowa a gidan ke kira Malam. Ya yi karatu a Barno tun kafin Nasara su zo, ya dawo da wasu a kan raƙumi, wasu kuma ya kwafa da hannunsa. Da ya rasu aka zo rabon gado, ƙannen Gwaggo samari ne, idonsu yana kan gonaki da shanu. Ita ta ce a ba ta littattafan a rabonta. Suka ba ta da murna, har suna ganin sun cuce ta. Sai daga baya, da Baffa ya yi karatu ya zama limami a Kelle, ya gane abin da ya bari.

Ba ta jingina littafi da bango, ba ta ajiye shi a ƙasa. Kowace gafaka a rataye take da igiyar fata daga azara, suna reto a saman kan mutum. Duk saboda gara. "Surukata" take ce mata, don wai ba ta sallama, kuma ba ta zuwa sai don ci. Kowace safiya Gwaggo takan zaga bangon da 'yar sanda, tana ƙwanƙwasawa tana saurare, sannan ta zuba toka a gindinsa. Wannan aikin ba ta ba kowa.

Ni sunan Malam aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Mai sunan Malam". Ina ƙarami, ban gama haɗa baƙi a makarantar allo ba, nakan laɓe a bakin ƙofar nan ina leƙe. Ƙamshin fata da tsohuwar takarda ne ya fara jawo ni, ba son ilimi ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Wata rana ta ɗago kai ta ce, "Mai sunan Malam, ko ka shigo ko ka tafi, ka tare mini haske."

Na shiga. Ta ce in nuna hannuna. Duk miyar kuka ce.

"Je ka wanke. Ba da kai nake ba, da miya nake."

Da na dawo ta sauko da wani littafi na labaran annabawa, ta karanta layi ta fassara mini da Hausa, ta karanta layi ta fassara. Sai da aka kai inda 'yan'uwa suka jefa ƙanensu a rijiya, ayari kuma ya tunkaro, ina zaune baki buɗe, ta haɗa warƙoƙin ta mayar cikin gafaka ta ɗaure.

"Gwaggo, sai me ya faru?"

"Sauran yana ciki. In kana so, ka iya karatu."

Na yi kuka, na yi birgima, ko a jikinta. Muguntar Gwaggo ke nan, kuma da ita ta kama yara da yawa a unguwarmu. Ni dai daga ranar malamin allonmu bai ƙara dukana a kan wasa ba.

A garin nan akwai gidajen da suke da littafi ɗaya ko biyu na gado, a naɗe cikin ƙyalle, ba a buɗewa, sai dai a shafa don albarka. Gwaggo ba ta da haƙuri da wannan. "Littafi ba laya ba ne," in ji ta, "a buɗe shi." Tana ba kowa aro, na gari da na ƙauye, ba ta neman jingina. Sharaɗinta ɗaya ne: ranar da ka dawo da shi za ka zauna a tabarma, a gaban yaran gida, ka faɗi abin da ka samu a ciki. In ka fara kame-kame ta ce, "Ashe matashin kai ka yi da shi." Manyan malamai da rawunansu sun yi zufa a kan tabarmar nan, mu kuma muna gefe muna kwasar karatu a banza.

Amma ba kowa take matsa wa ba. Na tuna wata mai tallan nono daga wajen Alakoss da ta shigo gidanmu ta tsaya tana kallon cikin ɗakin, har ta manta da abin da ya kawo ta. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa taɓa takarda ba. Gwaggo ta ɗauko buta ta zuba mata ruwa da kanta, ta zaunar da ita, ta ɗora mata littafin waƙa na ajami a cinya, ta riƙe yatsanta tana bin layi tana rera mata. Matar ta ce, "Ashe Hausa ce a ciki!" Ta yi ta dariya tana rufe baki. Duk ranin nan in ta shigo kasuwa sai ta biyo ta gidanmu.

Babbar rana a gidanmu, bayan Salla, ita ce ranar shanya. Littattafan Malam ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a jere tsakanin fata biyu, kuma danshin damina yana shiga cikinsu. Don haka in ruwa ya ɗauke aka yanke gero, sai a fito da su duka a baza a kan tabarmi, tsakar gida ta cika fal. A ɗaure awaki, a kife kaji da kwando, ba daka, ba hura wuta sai la'asar. Malaman gari sukan zo, Baffa ma yakan taho daga Kelle. Yara su ɗebo tsakuwa daga gindin dutse, a ɗora a kan kowane tari don kada iska ta kwasa. Aikin ɗora duwatsun nan nawa ne, Gwaggo ta ba ni tun da na fara karatu, kuma ba na ɗora dutse sai na karanta warƙar da ke sama. A ranar shanya na fara sanin cewa duniya ta wuce Gure da Kelle da Bune. Ga littafin taurari, ga na magunguna, ga wanda ke zancen ƙasashe masu kogunan da ba sa ƙafewa.

Daga nan na zama ɗan ɗakin. In Inna ta neme ni ta rasa, ba ta wahalar da kanta, ta san inda nake. Na kuma koyi wani hali da ya jawo mini mari ba sau ɗaya ba: in babba ya faɗi magana sai in ce, "A ina aka faɗa?" Gwaggo takan yi mini faɗa a gaban mutane, in sun tafi ta ba ni dabino.

Sai ga shekarar da ta biyo bayan wadda fara ta cinye gero. Kumandan, Baturen mulki, ya ce sarki ya kawo yara lakwal, dogarai suka shiga gida-gida. Masu wayo suka ɓoye nasu a rumbu, wasu suka tura su daji wurin dabbobi. Baba yana hanyar fatauci, ni kuwa ina inda kowa ya san zai same ni. Aka tafi da ni, Inna tana kuka kamar an yi mutuwa.

Da na dawo gida da yamma na tarar da buta a zaure. Wai sai na wanke jikina na sauya riga kafin in shiga, kuma an ware mini ƙwaryata daban, ba zan ƙara sa hannu da 'yan'uwana ba. Ba gidanmu kaɗai ba, haka ake yi wa kowane ɗan lakwal a lokacin. Ina zaune ni kaɗai a gindin rumbu, ga tuwo a gabana, sai ga Gwaggo ta jawo kujerarta ta zauna, ta sa hannu a ƙwaryata.

"Naka ya fi laushi," in ji ta. "To, me suka koya maka?"

Na zana mata baƙaƙensu a ƙasa, na ce daga hagu suke farawa. Ta duba, ta karkata kai, ta ce, "Ikon Allah. To suna da littattafai?"

Na ce mushe yana da 'yan kaɗan a cikin akwati.

"In ka iya, ka karanta su duka. Ka zo ka faɗa mini a tabarma, kamar kowa."

Haka kuwa aka yi. Da safe ina lakwal, da yamma ina ɗakinta. Na ba ta labarin teku da jirgin da ke tafiya a kansa da wuta, ta yi mini tambayoyin da ban iya amsawa ba, ta ce in koma in sake dubawa.

Da damina ta wuce Baffa ya zo shanya kamar yadda ya saba. Ya sunkuya ya shiga ɗakin, ya same ni kwance da littafin fiƙihu, ga littafin lakwal mai hotuna a gefena. Bai yi mini magana ba. Sai da maza suka taru a zaure ya ce, "Yaron nan ya riga ya tafi. Hannun da ke riƙe littafin Nasara ba zai taɓa rubutun Malam ba. Kada ya ƙara shiga ɗakin nan, kada in gan shi wurin shanya." Baba ya sunkuyar da kai.

Ba zan zalunci Baffa ba, ba mugu ba ne. Ya ga yadda ake kwasar mazan Kelle zuwa aikin tilas, wasu su dawo ba lafiya, kuma duk abin da ya fito daga hannun kumandan tsoronsa yake yi. Amma ni a lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne an kore ni daga wuri ɗaya tak da nake jin nawa ne, a kan laifin da ban yi ba. Baƙin cikin ranar nan ban taɓa jin irinsa ba sai ranar da ta rasu.

Da gari ya waye aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗaure awaki, malamai suka zauna. Ni ina bayan darni ina leƙe. Gwaggo ta fito daga ɗakin hannu wofi, ta ja ƙofa, ta sa kwaɗo, ta ɗaure mabuɗin a bakin zanenta. Ta kife turmi ta zauna a kai.

"Yaya, rana tana yi," in ji Baffa.

"Ina gani."

"To a fito da su mana."

"Bana babu shanya."

Baffa ya ce, "Kamar yaya babu shanya?"

"Wa zai ɗora mini duwatsu?"

"Ga yara nan cike da gida."

"Nawa nake so."

"Yaya, kin fi kowa sanin abin da danshi zai yi musu."

"Na sani. Kai ma ka sani. Sai mu zauna mu ga wanda zai fara jin tausayinsu."

"Littattafan Malam ne fa!"

"Na Malam ne a da, yanzu nawa ne. Ranar rabo kana nan, shanu ka zaɓa. Ni na goye ka, kada ka zo kana ɗaga mini rawani." Ta nuna wajen darni, ashe ta san ina nan. "Yaron nan ba shi ya kai kansa ba. Sun ɗauke mana shi da safe, kai kuma kana so ka ba su shi har da yamma."

Baffa bai janye ba. Aka naɗe tabarmi, aka saki awaki, malamai suka tashi suna salati.

Bai koma Kelle ba. Ya zauna a gidan, kullum da safe ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta tambaye shi kwanan baƙunta, babu mai ɗaga zancen. Limamin gari ya zo roƙo, malamai suka zo, tsofaffin unguwa suka zo. Ta ba su ruwa, ta ba su goro, ta raka su bakin zaure. Ita kanta ba ta shiga ɗakin, ba ƙwanƙwasa bango, ba zuba toka. Daminar shekarar kuwa ta yi ruwa sosai. Wata ya mutu, wani ya tsaya. Wanda ya wuce ta bakin ƙofar sai ya ji warin danshi yana fitowa ta ƙarƙashi.

Ranar da na ga hanyar gara, jan ƙasa siririya tana hawa bangon ɗakin ta waje, na sheƙa wurinta. Tana kaɗi a inuwa.

"Gwaggo, ki buɗe. Don Allah ki buɗe. Ni na haƙura. Ranar shanya zan tafi bayan gari, ko leƙowa ba zan yi ba."

"Ka haƙura? Wa ya tambaye ka?"

"Gara ta hau, na gani da idona."

"Na riga ka gani." Ta murza mazari, zaren ya tsinke, ta ɗaura, ya sake tsinkewa. "Mai sunan Malam, saurara. In gara ta ci, takarda ta ci. In na bari aka raba ka da ɗakin nan, wa nake ajiye wa takardar? Surukata?"

Baffa ne ya gaji. An gan shi tsaye a bakin ƙofar, ya kara kunne a jikin katakon, ya daɗe a haka. Daga nan ya sa aka ɗaura wa dokinsa sirdi. Bai yi mata magana ba, sai ya kira Baba, ya ɗaga murya yadda za ta ji. "Ka gaya wa Yaya ta yi abin da ta ga dama da kayanta. Amma ranar da suka zo hannuna, Kelle za su."

Daga cikin ɗakinta ta amsa, "Ka gaya masa Allah ya kiyaye hanya, ya gaida iyali."

Ƙurar dokinsa ba ta kwanta ba ta buɗe ƙofar. Fatun sun yi fari da fumfuna, wasu warƙoƙin sun manne da juna, amma waɗannan duk suna gyaruwa. Gara ta bi azara ta sauko ta igiya ɗaya, ta shiga gafaka ɗaya. Ba ta zaɓi kowanne ba sai wanda Gwaggo ta fi so: waƙoƙin wa'azi da Malam ya tsara da kansa, ya rubuta da hannunsa, babu kwafinsu ko'ina a duniya. Da ta kwance gafakar, ƙasa ce ta zubo mata a cinya, da 'yan guntayen takarda. Ta zauna da shi haka nan, mu ma babu wanda ya iya motsi. Can ta kakkaɓe zanenta ta tashi.

"Mai sunan Malam, duwatsu."

Muka yi shanya.

A ranin nan ta riƙa zaunar da ni tana rera abin da ta haddace daga waƙoƙin, ina rubutawa. Wajen rabi ta iya tunawa. Wani wurin sai ta tsaya, leɓɓanta suna motsi, ta rufe ido, ta sake farowa daga baya, abin ya ƙi zuwa. Sai ta ce, "Bar fili." Littafin yana nan da filayensa. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce mini saboda kai ne ba, ko a cikin faɗa, ita da ba ta raga wa kowa.

Daga baya an tura ni babbar lakwal ta Damagaram, na dawo, yanzu ina taimaka wa mushe koyar da ƙanana. Ina karanta na hagu, ina karanta na dama, kuma ban ga wanda ya kori wani daga kaina ba. In malaman gari sun taru a kan wata mas'ala ta gado ko ta aure sukan aiko a tambaye ni wace gafaka za a sauko, kuma ba na ɓoyewa, abin yana yi mini daɗi. Yaran lakwal kuwa sun san ni da mugunta: nakan karanta musu labari, in an kai wurin daɗi in rufe littafin. Sun ɗauka ni na ƙirƙiro.

Da idonta ya yi rauni ni nake karanta mata, tana gyara mini daga ka. Bana, da ake ta zancen yaƙi a ƙasar Nasara, na ba ta labari, ta yi tsaki ta ce, "Duk littattafan nan da ka ce suna da su, ba za su zauna su karanta ba?" Baffa kuma bai fasa zuwa shanya ba ko shekara ɗaya. Ba ya karɓar warƙa daga hannuna, sai dai in ajiye ya ɗauka. In zai tafi ya ce, "Kelle za su, Yaya." Ta ce, "Sai na mutu." Ya ce, "To." Haka suke sallama.

Bayan an yi sadakar bakwai, da safe, Baba ya kira ni gefe, bai iya haɗa ido da ni ba. Ya ce in je in sauko da littattafan in ɗaure, kada Baffana ya jira. Ban yi musu ba, don shari'a ta ba su, ni kuma na karanta shari'ar a ɗakin nan. Na shiga, na hau turmi, na fara kwance igiyoyin ɗaya bayan ɗaya ina jerawa a tabarma. Ko ranar shanya igiyoyin suna nan, ban taɓa ganin azarar nan tsirara ba. Da na sauke ta ƙarshe na zauna a ƙasa.

Sai aka tare haske. Baffa ne ya sunkuyo ya shigo, yana dafa bango, don shi ma tsufa ya kama shi. Ya dubi littattafan a ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Wa ya ce ka sauke?"

"Baba ne ya ce kada ka jira."

Baffa ya sake duban azarar. Sannan ya ce, "Ra'ayina a kan lakwal bai sauya ba. Har gobe."

"Na sani, Baffa."

"Tun ina yaro nake gardama da Yaya, ban taɓa kayar da ita ba ko sau ɗaya. Na taho daga Kelle ina ce wa kaina yau dai na ci." Ya tsaya, ya ja bakin rawaninsa ya goge fuska. "Na shigo gidan nan na ɗaga murya, babu mai amsa mini. Ba zan ci gardamar da ba ta nan ta rama ba. Mayar da su inda ka same su."

Ya sunkuya ya fita. Ina jinsa a tsakar gida yana yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, da wata murya da ba tasa ba. Na tashi na hau turmi na fara ɗaurawa.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka makwancinta, ya sa ta huta. Tana kwance ma ita ta ci gardamar.